Uzairun Alhamis

Ni na fara ganin abin nan. Na riga mai unguwa, na riga malamin makaranta, na riga matan bakin rijiya, waɗanda ko kaza ta yi tari a Unguwar Majema sai labarinta ya kai kasuwar Batsari kafin azahar. Ni Ummaru, da ban taɓa ɗora mazaunaina bisa bencin boko ba, ni na fara gane cewa yara biyu ne cikin riga ɗaya da suna ɗaya. Na faɗa tun ina yaro, aka mare ni. Yau babu mai marina a garin nan, don masu hannun yin haka duk na raka su makwanci na dawo da ƙafata. Agana ta kama ni ta gaji ta sake ni. Farin da ya ƙarar da shanu ya bar ni tsaye. Na taɓa faɗawa rijiya na fito ina tambayar ina hulata. Saboda haka in na yi magana a saurara.

Abin da ya sa na zaunar da jikata Mutmainna na ce ta ɗauki biro shi ne taron da tsofaffin ɗalibai suka yi watan jiya a firamaren unguwarmu. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, aka kira Alhaji Uzairu Yusha'u aka miƙa mashi wani katako mai ƙyalli, wai shi ne ɗalibin da bai taɓa fashin makaranta ba tun daga ajin farko har ya fita. Mai lasifika har da ƙari: "Ku dubi fuskarshi, jama'a! Ko shekarar da agana ta kwantar da shi bai yi fashi ba!" Aka yi ta tafi. Ni ina bayan rumfa, dariya ta shaƙe ni har goro ya biyo mani ta hanci. To bari in gaya maku yadda ake yi yaro ya kwanta a ɗaki da agana, kuma yana zaune a aji.

Gidanmu da gidan Baba Yusha'u mai hatsi katanga ɗaya ta raba su. Gindin katangar akwai wata kanya, kuma bisa kanyar nan na yi rabin yarintata. In na hau reshen sama, tsakar gidansu na hannun damana, filin makaranta na hagu. Ko gwamna bai da wurin zama irin nawa.

Yara biyu ne a gidan, duk sa'o'ina. Uzairu ɗan mai gida, da Salmanu maraya, ɗan ƙanen Baba Yusha'u. Uwar Salmanu kuma, Allah ya jiƙanta, ƙanwar matar gidan ce, Inna Hansai, ciki ɗaya. Wa da ƙane suka auri ya da ƙanwa, yaran suka fito kamar an tsaga kara. Baƙo ba ya bambanta su. Ni kuwa ko daga nesa na san su. Salmanu na tafiya kanshi a ƙasa kamar wanda ya yar da allura, Uzairu kuwa ba ka taɓa ganinshi bakinshi ba ya motsi.

Shekarar da aka zo ɗibar yara boko, innata Sauda ta jefa ni cikin rumbu ta rufe, na yini ina atishawa har masu rubutu suka wuce. Ta haka boko ya rasa ni, kuma har yau shi ke da asara. Baba Yusha'u kuwa suna da 'yar tsama da mai unguwa kan iyakar wata gona, sai mai unguwa ya sa aka rubuta Uzairu Yusha'u. Inna Hansai ta ɗora hannu a ka tana kuka, wai za a mayar mata da ɗa mai fitsari a tsaye.

Baba Yusha'u ya kira Salmanu gindin katanga, daidai ƙarƙashin ƙafafuna.

"Kai, zo nan. Ka san ni ne ubanka yanzu?"

"Na sani, Baffa."

"To daga gobe, in ka shiga ƙofar makarantar can sunanka Uzairu. In ka fito ka koma Salmanu, ka ɗauki fartanya ka same ni gona. Ka gane?"

"Baffa, in suka tambaye ni ina Salmanu fa?"

"Wa zai tambayi Salmanu?"

Aka ɗinka rigar kaki ɗaya da gajeren wando ɗaya. Malaminsu wani dogo ne mai keke da tsumagiya, ana ce mashi Malam Armaya'u. Da fari Salmanu ya sha kuka. Daga baya karatu ya zauna mashi, ya zama ba abin da zai gani da rubutu bai tsaya ya karanta ba: jikin mota, buhun gishiri, garwar kananzir. Ya so ya koya mani, na ce mashi kaina ya riga ya cika da abubuwa masu amfani.

Da abin ya tsaya nan, da ban hana Mutmainna aikinta ba. Sai aka fara raba madara. Duk ranar Alhamis ana dama madarar gari cikin babbar tukunya bayan aji, kowane yaro ya zo da moɗarshi. Alhamis ta farko Salmanu ya dawo gida da farin gashin baki. Inna Hansai ta kama haɓarshi ta shinshina.

"Mene ne wannan?"

"Madara ce, Inna. Kowa aka ba."

"Kowa aka ba, ko wanda aka kira sunanshi?"

"An kira suna."

"Wane suna aka kira?"

Salmanu ya ce, "Uzairu."

"To ka ji da kunnenka. Tuwon gidan nan bai ishe ka ba, sai ka haɗa da madarar ɗana? Tuɓe rigar."

Ashe boko ba ya lalata yaro ranar Alhamis. Mako na zagayowa, ina bisa kanya na ga rigar kaki ta fito daga zaure, bakin mai ita na motsi. Na waiga tsakar gida na ga Salmanu daga shi sai bante yana share turken awaki. Na ce yau ga abin kallo. Wannan ita ce ranar da na riga duk Batsari sani.

Matsalar ita ce Uzairu bai san ko baƙi ɗaya ba. Malam zai ce ya tashi ya karanta abin da ya karanta jiya kamar ruwa, sai ya tsaya yana kallon allo kamar an nuna wa jaki madubi. Ga shi da neman faɗa, ga ɗan hali. Malam Armaya'u kuma ba ya duka ranar madara, don hannunshi na kan muciya. Sai dai ya nuna yaro da ita ya ce, "Gobe ka same ni." Gobe kuwa Juma'a, Juma'a kuwa ta Salmanu ce.

"Uzairu, fito! Wa ya sace iskar kekena jiya?"

"Ban sani ba, Malam."

"Ba ka sani ba? Ni da idona na gan ka tsugune kana dariya!"

Tun ina ƙirga tsumagiyar daga bisa kanya har na daina. Ya zama duk yammacin Alhamis Salmanu zai bi Uzairu bayan gida yana lallashi.

"Don Allah me ka yi yau? Faɗa mani in san abin da zan tarar."

"Ba komai fa. Na dai ce kan Malam kamar tulu."

"Ya ji?"

"Shi na gaya wa."

Ni na cece shi, kuma a rubuta wannan da kyau. Babana majemi ne, sai na riƙa sato guntun fatar akuya ina jefa mashi ta katanga yana cusawa cikin wando. Malam ya daɗe yana mamakin yaron da in an buge shi yake ƙara kamar kalangu.

Malam Armaya'u dai ba wawa ba ne. Wata rana ya jingine kekenshi ƙofar gidan, aka shimfiɗa mashi tabarma, suka gaisa da Baba Yusha'u har suka tambayi lafiyar awaki, sannan ya ce, "Malam Yusha'u, ɗan nan naka na ba ni mamaki. Sauran kwanaki ya fi kowa a aji. Ran Alhamis kuwa ko sunan ubanshi aka tambaye shi sai ya yi tunani."

"Iska ce, Malam. Ta gado ce. Ran Alhamis take tashi."

Malam ya dubi zaure, inda kawuna biyu iri ɗaya ke leƙe, ɗaya na tauna. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ga ƙwarya shaƙe da ƙwan zabi daga cikin gida. Ya rufe bakin. Ya ɗaure ƙwaryar bayan keke a hankali, ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Ni dai suna ɗaya aka ba ni, yaro ɗaya kuma nake gani bisa benci." Ban riƙe shi da ƙwan ba, malami ma yana da ciki. Abin da na riƙe shi da shi, tsumagiyar Juma'a bai fasa ba, alhali ya san bayan wa take sauka.

Na kai wa innata labari. Ta ce, "Inda katangarmu ta tsaya, nan idonka zai tsaya." Na gaya wa matan bakin rijiya, suka ce ashe haka ne, suka raba shi gida gida, kafin la'asar kowa ya sani, kuma kowa ya samo abin faɗi. Wannan ya ce ai Baba Yusha'u na ci da marayan yana tufatar da shi. Wancan ya ce maraya nawa ne ke samun ko bakin ƙofar makaranta. Mai unguwa, da yake an riga an daidaita maganar gona, ya ce shi yaro ɗaya hukuma ta nema a gidan, kuma kullum ana samun ɗaya.

Sai ga shekarar lamba. Agana ta ɓulla a ƙauyuka, aka yi shela cewa 'yan lamba, masu rigakafi, za su zo makaranta da wata bindiga da ake ɗora wa yaro a dantse. Gari ya ɗauka cewa duk wanda aka harba ba zai haihu ba. Kuma don Allah ya nuna ikonshi, ranar ta faɗo Alhamis. Inna Hansai ta rasa inda za ta sa kanta: ga madara, ga bindiga. Amma matar nan da ta yi boko da ta riƙe lardi. Ta ce Salmanu ya sa riga ya je da safe a harbe shi, in an fita tara ya rugo gida ya tuɓe, Uzairu ya sa ya je shan madara. Haka aka yi. Ina kallo rigar kaki ta shigo gida da gudu tana riƙe da dantse, ta koma da gudu tana riƙe da moɗa.

Da yamma 'yan lamba suka kafa tebur ƙofar gidan mai unguwa don yaran da ba su makaranta. Aka zo kan gidan Baba Yusha'u, mai unguwa ya ce, "Uzairu an yi mashi a makaranta. Ina marayan?" Baba Yusha'u ya turo Salmanu gaba, ya raɗa mashi, "Ba su na hagu." Salmanu ya koma gida da lamba biyu, ɗaya ta Uzairu ɗaya tashi. Hannayen suka kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, washegari aka tashe shi ya je ya karɓi tsumagiyar Juma'a, don Uzairu ya kifar da moɗar wani yaro.

Ni kuwa innata ta sake jefa ni rumbu. Wannan karon dabarar ba ta yi ba, don agana ta san hanyar rumbu. Ta kama ni, ta kama Uzairu a mako ɗaya. Ni na yi kokawa da ita na kayar da ita, ga shaidar nan a fuskata, ban ɓoye wa kowa. Uzairu kuwa sai da aka fid da rai.

Kuna tsammani Baba Yusha'u ya yi nadama? Daga ɗakin da nake kwance na jiyo muryarshi ta katanga.

"Kai ka ja mashi! Yaro da lambarshi, da sunanshi aka yi ta, ka je ka karɓe ka haɗa da taka. Wane irin haɗama ne wannan?"

"Baffa, ku kuka ce in je."

"Na ce ka je, na ce ka riƙe? To tunda cuta ba ta ganinka, kai za ka yi jinya."

Da safe Salmanu ya je aji ya amsa sunan Uzairu, da rana ya dawo ya zauna gefen Uzairu yana kore mashi ƙuda, yana ɗura mashi kunu, yana wanke tsumman da ko uwar da ta haife shi ba ta iya taɓawa. Ka ji yadda aka yi Alhaji bai yi fashi ba. Salmanu ya gaya mani cewa wata rana cikin zafin ciwo Uzairu ya riƙe hannunshi ya ce, "In na tashi na bar maka Alhamis." Kuma in faɗi gaskiya, ya cika. Ya tashi fuskarshi duk zanzana kamar an watsa wa ɗanyen bango tsakuwa, kamannin nan ta tafi, ko makaho ya shafa ya san su biyu ne. Kunya ta hana shi fita, rigar kaki ta zama ta Salmanu shi kaɗai.

Ban taɓa ganin yaro ya yi fure kamar Salmanu a wannan lokacin ba. Ya sha madara har kumatu suka fito. Juma'a ta zo ta wuce ba duka, har ya maido mani da guntun fatata ya ce in mayar wa babana. Ya daina tafiya kai a ƙasa. Wata rana ya hau kanya ya same ni, ya ce, "Ummaru, yanzu ni kaɗai ne Uzairu. Malam ya ce in na ci jarrabawa Katsina za a kai ni, makarantar kwana. Can har gado ake ba mutum, nashi shi kaɗai."

Na ce, "Ni ko an ba ni gado biyu ba ni zuwa." Amma na ji daɗi.

Ya zauna jarrabawa, ya ci. Malam Armaya'u ya shigo unguwa bisa keke yana buga ƙararrawa yana faɗin, "Uzairu ya ci! Uzairu sai Katsina!" Salmanu ya yar da guga cikin rijiya don murna, aka dake shi kan gugan, bai ko ji ba. Mutanen da suka ce boko lalata ne duk suka zo yi wa Baba Yusha'u barka, don a lokacin an fara ganin waɗanda suka yi boko suna dawowa da agogo da albashi.

Baba Yusha'u ya sayo akwatin ƙarfe mai fenti. Ya kira tela har gida, aka tsayar da Salmanu tsakar gida aka auna shi, kafaɗa, hannu, tsawon wando. Uzairu na ɗaki yana barci. Salmanu ya ɗaga kai ya dube ni bisa kanya yana washe baki. Ni kaina, duk wayona, ranar an rufe ni. Na manta cewa agana fuska ta ci, ba ta taɓa tsawo ba.

Ranar tafiya ta faɗo ranar kasuwa. Motar katako na tsaye a tasha, karen mota na kiran Katsina. Inna Hansai ta naɗa gammo ta ɗora wa Salmanu akwatin a ka, ta ce sabbin kayan na ciki, kada su yi datti a hanya. Unguwa guda ta rako su. Uzairu na biye cikin babbar riga, an ja mashi hula har gira, kowa na ɗauka rakiya ya zo. Salmanu ya miƙa wa karen mota akwatin, ya kama ƙarfe ya ɗora ƙafa bisa taya. Baba Yusha'u ya riƙo ƙafar.

"Ina za ka?"

"Katsina, Baffa."

"Wa ka sani a Katsina? Sauko ka ba ɗan'uwanka hanya."

Aka ɗaga Uzairu aka zaunar da shi bisa buhunan gero. Bai dubi kowa ba, kuma ranar ce kaɗai na ga bakinshi a tsaye.

Salmanu ya ce, "Baffa, ni na ci."

"Sunan wa Malam ya kira? Ni na yanka ragon sunan nan, na san wanda na yanka wa. Kuma kai ba ka da tausayi? Dubi fuskarshi. Wace yarinya za ta so shi in ba da boko ba? Kai Allah ya bar maka fuskarka sumul, ga lamba har biyu, ga karatu a kanka wanda ba mai ƙwace maka. Komai kai, komai kai?"

Wani dattijo ya gyaɗa kai ya ce wallahi an yi rabon adalci.

Nan ne na yi abin da har yau ba a samu wanda ya yi irinshi a tashar Batsari ba. Na haye bisa wani buhun gyaɗa na buɗe murya: "Ƙarya ne! Wancan Uzairun Alhamis ne! Madara kaɗai ya sani! A tambayi Malam!"

Kowa ya waiga wajen Malam Armaya'u. Malam ya tsuguna yana gyaran sarƙar kekenshi, sarƙar da ba abin da ya same ta. Ban ga lokacin da babana ya iso ba, sai dai na ji mari, tasha ta juye. Ya ce, "Gidanku ne?" Aka ce yaro ne, agana ta taɓa mashi kai. Mota ta tashi.

Salmanu bai yi kuka ba. Ya tsaya har ƙarar motar ta ɓace, sannan ya juya wajen Inna Hansai ya ce, "Inna, to a bar mani rigar makarantar."

Ta ce, "Ai ga ta nan hannunka."

Ya dubi gammon da ya ɗauko akwatin da shi. Ya warware. Kaki ne, an yage hannuwan, aljihun gaba na nan da tabon tawada. Ya ninke shi ya sa a hammata.

Kafin mako ya zagayo an tura shi Babban Duhu, can ƙasar Safana, wajen Fulanin da ke riƙe da shanun Baba Yusha'u. Wai iskar daji za ta yi mashi kyau. Aka ce na wata ɗaya ne. Har Baba Yusha'u ya mutu watan bai cika ba, kuma da aka zo rabon gado aka tuna cewa ɗan ƙane ba ya gado inda akwai ɗa.

Uzairu ya lallaɓa a Katsina, ya maimaita aji, ya fito da abin da ya fito da shi, ya samu kujera a wani ofis, ya yi ta sa hannu har ya yi ritaya. Ba na ce mugu ba ne. Yana gaishe ni, da salla yana aiko mani da shinkafa. Amma ranar taron nan da aka ba shi lasifika, sai na ji yana cewa, "Mu tsumagiyar Malam Armaya'u ce ta yi mu. Yaran yanzu ba su san wahala ba." Na miƙe da sandata na ce, "Alhaji, ta wane gefe ta fi zafi, dama ko hagu?" Ya yi murmushi ya ce a ba Baba Ummaru lemo. Yara suka kama ni suka zaunar, ina ji ana cewa tsufa ne.

Da ranar kasuwar Safana ta zagayo na hau mashin na tafi. Salmanu na nan layin masu igiya, yana tufka yana sayarwa, gemu fari fat, idon ya fara rauni amma har yanzu mota ba ta wucewa bai karanta abin da ke jikinta ba. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, na kwashe labarin taro na gaya mashi, da katako mai ƙyalli da tafi da komai. Na zaci zai yi fushi. Sai ya ci gaba da murza igiya bisa cinyarshi.

"Ai ba su yi ƙarya ba, Ummaru. Uzairu bai taɓa fashi ba."

"Kai ba abin da za ka ce ke nan?"

Ya ce, "Wace rana aka yi taron?"

"Alhamis."

"To ai ranarshi ce."

Ya yi dariya, ni ma na yi, har mai rumfar kusa ya leƙo. Da na hau mashin za mu dawo na ce wa yaron mai mashin ya tafi a hankali, iska na sa mani ruwa a ido.

Baba Yusha'u ya tafi, Inna Hansai ta tafi, Malam ya tafi, suna inda ba a karɓar ƙwan zabi. Amma ba su kaɗai suka ɗaga Uzairu bisa motar nan ba. Unguwa guda ce ta tsaya a tasha, masu salla a sahun gaba, kowa ya san wanda ya sha tsumagiya ya kuma san wanda ya sha madara, aka rasa mai buɗe baki sai yaro ɗaya da bai san bihim ba. Kuma kada wani ya ce mani zamanin da ne. Yanzu ƙafata ba ta hawa kanya, amma daga bakin zaurena ina ganin gidan da ake tashin ɗan riƙo ya kai 'ya'yan gida makaranta ya dawo ya ɗauki jarka, kuma in ka yi magana a ce ai ana ci da shi. Akuya ma ana ci da ita.

Wanda ya ce tsufa ke sa ni surutu, ga hanya nan, mashin bai ƙare a Batsari ba. Ya je Safana ranar kasuwa, ya nemi layin masu igiya, ya zagaya bayan tsohon nan ba tare da ya gan shi ba, ya daka murya irin ta malamai ya ce, "Uzairu Yusha'u!" In bai saki igiyar ya miƙe tsaye ba kafin ya tuna ko shi wane ne, a zo a aske mani gemu a bakin kasuwa. In ya miƙe, a ce ya naɗe hannun riga, dama da hagu, a ƙirga. Sannan mai ƙarfin hali ya wuce gidan Alhaji ya ce shi ma ya naɗe nashi.

Ina nan ƙofar gida bisa buzuna, Unguwar Majema, gindin kanya. Ban mutu ba, kuma ba ni da niyya kwanan nan.